Sawun Gizagon Baba

A Madina babu kogi. Kowa ya san haka, har da Baba, amma wannan bai hana shi cewa kwale-kwale zai yi ba. Muna zaune a hoshin gidanmu na unguwar Ƙurban, wato tsakar gida, bayan La'asar, yana kurɓar shayi, sai ya faɗi maganar kamar mai cewa gobe zai je aski. Inna ta ajiye buta ta dube shi.

"Malam, a ina za ka tuƙa shi? Cikin tankin ruwan da ke kan soro?"

Ni kuwa na ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe ni. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina da mata da 'ya'ya a ɗakunan sama, ina aiki a ofishin tarho, kuma a ganina ba abin da ban sani ba a duniya.

Sai da Inna ta shiga ɗaki sannan ya gaya mini dalili. Ashe ya je asibiti shi kaɗai, likita ya duba shi ya ce moya zarga ce, abin da mutanen gida ke kira hawan jinin ido. Abin da ya tafi na ganinsa ya tafi ke nan, maganin ɗigawa rage wa sauran gudu kawai zai yi. Ya yi zobe da yatsunsa a gaban ido, ya ce yanzu ta irin wannan ƙofar yake leƙen duniya, kuma kullum tsukewa take yi.

"Kai," in ji shi. Haka yake kirana, don ni ne ɗan fari, bakinsa bai taɓa kama sunana ba. "Ina so in ga jirgin da na yi da hannuna a kan ruwa tun da sauran ido. Tekun Yanbu ba nisa. In mun gama sai ka kai ni."

Na ce to. Kunya ta kama ni saboda dariyar ɗazu, na rasa inda zan sa fuskata.

A bakin kogi aka haifi Baba, a ƙasar Yawuri, gidan masu yin jirgi. Yana saurayi ya biyo ayarin alhazai a ƙasa, ya yi shekaru tsakanin Chadi da Sudan yana aikin katako kafin ya ƙetaro teku. Da ya iso Madina sai ya ƙi komawa. Ya samu zama ɗan ƙasa, ya buɗe shago a unguwar Anbariyya, ya ƙare ƙarfinsa a kan ƙofofi da tagogi da akwatunan da alhazai ke cikawa da tsaraba. Tun da ya baro gida bai sake haɗa jirgi ba, amma in ya ga katako mai tsawo sai ka ga ya kanne ido ɗaya yana duban bayansa.

Katakon muka sayo a unguwar Sultana. Goshin jirgin kuwa ya ce ba na kanti ba ne, sai da ya samo kututturen magarya a wata gona ta wajen Ƙuba. Shi ya sassaƙe shi da tsohon gizagonsa, yana zaune a kan tabarma, ya riƙe itacen da tafin ƙafa. Da ya gama na ga jikin duk sawun sara ne, jere-jere, kowane ya ɗan karkata hagu. Na ce in kawo samfefa in goge masa.

"Bar shi," ya ce. "Saran gidanmu ne. A mashigi ba a tambayar jirgin waye, goshi ake shafawa. Haka ubana yake sara, haka nasa uban."

Na ji maganar da kunne ɗaya. Hankalina yana kan wata matsala da ta fi wannan girma a idona.

Zafin Madina ba ya wasa da katako. Abin da Baba ya haɗa ƙam da safe, bayan mako sai ka ga haske yana ratsowa ta tsakani. Ya ce a gida ba a damuwa da wannan, auduga ake cusawa, a nutsar da jirgi a ruwa ya kwana biyu, katako ya sha ya kumbura ya toshe kansa. To mu ina ruwan? Wani abokin aikina mai zuwa kamun kifi Yanbu shi ya gaya mini akwai wani gam da ake kira ifoksi, ana shafa shi a katako tare da ƙyallen faiba, ya bushe ya zama kamar gilashi, ruwa ba ya ratsa shi. Na je shagon fenti na sayo: gwangwani babba da ƙaramin abokinsa, wanda shi ke sa babban ya daskare. Mai shagon ya ce, "Gauraya ka shafa, halas, shi ke nan." Ya faɗa da sauƙi, don ba shi zai shafa ba.

Ranar farko wata Alhamis ce da hantsi. Na zuba mai yawa a gwangwanin madara don in gama gaba ɗaya, na tsaya ina yi wa Baba bayani kamar wani injiniya. Ban ankara ba sai na ji gwangwanin ya ɗau zafi a hannuna, hayaƙi yana tashi. Na yi jifa da shi. Kafin in ɗauko ya zama dutse, burushin yana tsaye a ciki. Inna ta leƙo ta ce in girki zan koya in shigo kicin, aƙalla a can in abu ya ƙone ana cin ƙanzo.

Karo na biyu na yi wayo. Na ce tunda ƙaramin gwangwanin ne mai sa gaggawa, bari in rage shi. Na rage, na shafa a haɗin katakon gefe, ya kwanta lafiya lau. Washegari bai bushe ba. Bayan mako bai bushe ba. Yana nan danƙo-danƙo, ya kama ƙura da ƙudaje da gashin kyanwar maƙwabta. Sai da na kankare shi kaf da wuƙar fenti, na wanke da asiton har fatar yatsuna ta tsage, ina yi ina zagin mai shago da wanda ya ƙirƙiro abin.

A haka na koya. Kofin awo biyu, kowane da nasa, ba ƙari ba ragi. Kaɗan-kaɗan, a faranti mai faɗi don kada ya yi zafi. Bayan La'asar, lokacin da katako ya fara hucewa, don in ka shafa da safe rana tana hawa sai itacen ya yi numfashi ya cika maka aiki da ƙananan kumfa. In za a cike rami, a dama shi da garin katako ya yi kauri kamar tuwo. Baba yana zaune a gefe yana kallo, ba yabo ba suka. Wani lokaci ya sunsuna iska ya ce warin nan ba na jirgi ba ne.

Lokacin aikin Hajji ya zo, gidanmu ya cika da baƙi daga gida kamar kowace shekara. Wata 'yar ƙanwar Baba ta kawo masa man kaɗe cikin ƙaton kwano mai murfi. Ya yi murna da shi fiye da duk sauran tsarabar.

Bayan baƙi sun watse na lura katakon ƙasan jirgin ya yi duhu, ya yi sheƙi mai kyau. Na ɗauka tsufa ne da hannu. Ashe kullum da safe, in na tafi ofis, Baba yakan narka man a rana ya murza shi a katakon da tafin hannu, a hankali, har ya shige. Ba ɓoye mini ya yi ba. A wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne, haka ake yi wa itacen da ake so don kada ya tsage, kamar yadda ake shafa wa yaro mai bayan wanka. Ni ma ban tambaya ba, don ban san akwai abin tambaya ba.

Da sanyi ya fara shigowa muka kife jirgin, na shimfiɗa ƙyallen faiba a bayansa, na bi shi da ifoksi daga goshi har wutsiya. Ya fito tas. Na kira matata da Inna su zo su gani, ina ta hura hanci. Muka sa ranar tafiya, na nemi aron a-kori-kura, na fara bin takardar izinin shiga teku.

Kwana kaɗan bayan haka na ga wani fari-fari a ƙarƙashin ƙyallen, kamar bororo. Na sa farce a gefe na ɗaga. Wallahi haka ya taso gaba ɗaya, sul, kamar ɓawon dafaffen dankali. Na ja, yana biyo ni, har na tsaya da faffaɗan abu a hannu ina kallon katako tsirara yana naso. Na shafa na sunsuna. Man kaɗe.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na juya Larabci, don in na hasala Hausata guduwa take yi, na faɗi maganganu da murya sama da ta kamata. Baba ya bar ni na gama.

"Ban san ba sa shiri ba," ya ce. "Na ga yana tsagewa ne, na ji tausayinsa."

Can ya ƙara da cewa, "Kai, bar gam ɗin nan. Kawo auduga mu cusa, mu tafi da shi haka. Mu jiƙa shi a bakin teku ya kwana, ya sha ruwa. In ya yi yoyo sai mu kwarfe da ƙwarya. Duk jirgin da na taɓa shiga kwarfewa ake yi."

Na ce a'a. Na ce teku ba kogi ba ne, akwai igiyar ruwa, akwai gishiri, shi tsoho ne, ni ban iya iyo ba. Na ce ba zan ɗora ubana a kan kwando in tura shi ruwa ba. Na ce ya ba ni ɗan lokaci in gyara yadda ya kamata. Har yau in ka tambaye ni zan ce maganata tana kan hanya, ba wanda zai ce na yi ƙarya. Inna ce kawai ta ce, tana tsintar shinkafa ba ta ko ɗago kai ba, "Idon nasa fa ba ya jiran gyara."

Gyaran ya ƙi ƙarewa. In na goge katakon da samfefa, na wanke da asiton, ya yi fari, sai in bar shi. Rana ɗaya ta buge shi, man ya sake tasowa daga ciki ya yi tabo. In sake gogewa, ya sake tasowa. Baba bai yi ha'inci wajen shafawa ba, man ya shiga har zuciyar itacen. Na gwada ɗan ƙyalle a wuri ɗaya, ya bushe, na ja, ya ɓalle. Daga ƙarshe na yarda cewa sai an cire katakon ƙasa duka an sa sabo.

Cire katako daga jirgin da aka riga aka haɗa ba ƙaramin aiki ba ne, balle ga ɗan koyo mai zuwa ofis. Na fasa wani, na yanke wani gajere, na koma Sultana ban san sau nawa ba. Baba yana taimakona, amma na fara lura da hannu yake neman ƙusa a tabarma, ba da ido ba. Wata rana ya miƙo mini zarto ta inda ba na tsaye. Na yi kamar ban gani ba, shi ma ya yi kamar bai yi ba.

Azumi ya zo ya wuce, sanyi ya wuce, bazara ta sauka. A bazarar Madina ifoksi yana daskarewa kafin ka kai burushi jikin katako, dole na dakata. Watannin nan na yi su ne ina duban jirgin a ƙarƙashin tamfol, ina duban Baba yana bin bango zuwa wurin alwala. Bai sake ce mini mu tafi ba. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo.

Da iska ta yi sanyi na koma aiki kamar mahaukaci. Tsoron abin da ya faru ya shiga jikina, na rantse ba zan bar ko tafin hannu na itace a buɗe ba. Na rufe waje, na rufe ciki, na rufe wurin zama, har filafilin tuƙi sai da na shafe. Da na zo kan goshin magaryar, na ga ƙyalle ba zai kwanta a kan wannan sara-saran ba, iska za ta maƙale a ramukan. Man bai taɓa wurin ba, don magarya ba ta tsage ba balle ya tausaya mata. Na dama ifoksi da garin katako, na cike sawun ɗaya bayan ɗaya, na goge har ya yi sumul, na rufe. Ina yi ina jin daɗin yadda hannuna ya faɗa. Maganar saran gidansu ko kusa ba ta zo mini ba.

Ranar da muka tafi Yanbu, ni na riƙe masa hannu ya shiga mota. Yana gane hasken rana, da inuwar mutum in ya gitta, shi ke nan abin da ya rage. Tun daga Madina har muka gangara bakin teku bai yi dogon zance ba, sai da iskar gishiri ta shigo ta taga ya gyara zama ya ce, "Mun zo."

Muka sami wani lungu mai ruwa kwance, masunta suka kama mini muka sauke jirgin. Suka yi ta yaba aikin, ɗaya ya ƙwanƙwasa gefen ya ce wannan zai yi shekaru. Na kawo Baba na ɗora hannunsa a kai.

Ya bi gefen da tafin hannu, a hankali, har ya kai goshi. A nan ya tsaya. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya sunkuya ya zagaya ƙasa da yatsu. Ya koma ya sake farawa daga sama.

"Kai, nan ne goshin?"

"Nan ne, Baba."

"Ina saran?"

Sai a lokacin maganar ta faɗo mini, gaba ɗayanta, har da yadda yake zaune a tabarma ranar da ya faɗe ta. Na ce, "Na cike, Baba. Ƙyallen ne ba zai kwanta ba."

Ya kai yatsunsa hanci, ya sauke.

"To," ya ce. "Ya yi sumul. Sannu da aiki."

Muka shiga. Ya ƙi zama a tsakiya, ya ce a gaba yake so. Na tura mu da filafili, jirgin ya ɗaga ya zauna daram a kan ruwa, bai karkata ko'ina ba. Ya gyara mini riƙon filafilin daga jin ƙarar kawai, ya ce ina dukan ruwa kamar mai wanki. Can ya sa hannu a ƙasan jirgin ya lalluba.

"Bai sha ruwa ba?"

"Ko ɗigo."

"Madalla."

Sannan ya ce in gaya masa yadda yake a kan ruwa. Ina cikin jirgin, ni ma ban gan shi daga waje ba. Na ce ya yi kyau, ruwan shuɗi ne, ana ganin yashi a ƙasa. Ya gyaɗa kai. Duk tsawon zaman nan hannunsa na dama yana kan goshin, yatsun suna tafiya suna dawowa, ba su daina nema ba har muka fito.

Da na bi maganarsa a sanyin farko, da ya ga jirginsa. Da ya yi yoyo, da mun jiƙe, da na yi ta kwarfewa ina mita, amma da ya gani da idonsa. Da kuma na bar goshin yadda yake, da ko ba ido ya gane abinsa. Na hana shi na farko don tsoro, na biyun kuwa don ƙwarewa, kuma wannan na biyun shi ya fi ci mini rai. Bai taɓa tayar da zancen ba. In baƙi sun zo yakan ce, "Yaron nan ya yi jirgi, ko ɗigo ba ya sha." Yaron nan ya yi, haka yake cewa, bai taɓa cewa mun yi ba.

Ba mu sake komawa Yanbu ba. Bayan rasuwarsa jirgin ya ci gaba da zama a hoshi, jikoki suna ɓuya a ciki, zafin shekara da shekaru bai tsaga shi ba. Wata rana da yamma na yaye tamfol, na ɗauko wuƙar fenti da ƙaramar guduma, na ce bari in tono ko sara ɗaya ne in shafa. Na tuna yadda ƙyallen farko ya taso da farce kawai. Na sa bakin wuƙar a gefen goshin na buga a hankali, bai motsa ba. Na ƙara ƙarfi, sai wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo a tafin hannuna. Na juya shi, na ga naman magaryar manne a bayansa, ya taho da sawun gaba ɗaya, ya bar rami mai kaushi wanda ba na kowa ba. Wannan karon gam ɗin ya kama.